Sikandiyam, Dalma da Tukunyar Panteka: Aikin da Ke Jiran Manazarta Hausa

Akwai wani reshe na kimiyyar ƙarafa da ya duƙufa a kan tambaya guda: me ke faruwa idan aka ɗiga ɗan sinadarin sikandiyam a cikin gamin alminiyam da jan ƙarfe, sannan aka daskarar da narkakken cikin ƙiftawar ido? A zahiri babu abin da ya haɗa wannan tambaya da mujallar nazarin Hausa. Ra'ayina shi ne akwai. Darasin da ke cikinta ya shafi tukunyar da ake zubawa a kasuwar Panteka ta Kaduna, ake dafa tuwo da ita a gidajen Doka da Unguwar Shanu da Kawo, kuma har yau ba mu tanadar wa Hausa kalmomin da za a faɗi wannan darasi da su ga wanda ya fi kowa buƙatarsa ba. Alhakin wannan giɓi yana wuyanmu, mu masu nazarin harshe, fiye da yadda yake wuyan injiniyoyi.

Sai an fahimci kimiyyar kafin hujjar ta zauna, don haka mai karatu ya yi haƙuri da ni na ɗan lokaci.

Tsantsar alminiyam ƙarfe ne mai laushi, yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salsiyas, ba ya ɗaukar nauyi. A 1906 wani Bajamushe mai suna Alfred Wilm ya gauraya shi da kusan kashi 4 cikin ɗari na jan ƙarfe da ɗan maganiziyam, ya gasa gamin, ya tsoma shi a ruwa, ya ajiye. Bayan 'yan kwanaki da ya sake aunawa sai ya tarar ƙarfen ya ƙara tauri da kansa, ba tare da an taɓa shi ba. Wannan gami shi aka yi wa suna Duralumin, da shi aka yi ƙashin jiragen sama na farko-farko. Wilm ya ga abin, amma dalilinsa bai fito sarari ba sai daga baya, musamman a 1938 lokacin da André Guinier a Faransa da George Preston a Ingila, kowa a ɗakin bincikensa, suka gano ƙananan tarukan jan ƙarfe a cikin alminiyam. Bayanin shi ne: kamar yadda ruwan zafi ya fi ruwan sanyi shanye sukari, haka alminiyam mai zafi yake shanye jan ƙarfe, har kashi 5.65 cikin ɗari a digiri 548. Idan ya huce, abin da zai iya riƙewa bai kai rabin kashi ɗaya ba. In aka bar shi ya huce sannu a hankali, rarar sai ta fita ta dunƙule manya-manya, ba ta da wani amfani. In kuwa aka tsoma shi a ruwa farat ɗaya, jan ƙarfen ba ya samun sararin fita, sai ya maƙale a ciki. Daga nan ne yake tsattsafowa kaɗan-kaɗan, ya zama gudaji ƙanana ƙwarai, barbaje ko'ina. Ƙarfe yana lanƙwasa ne idan sahun ƙwayoyin zarra ya zame a kan wani sahu. Waɗannan gudaji su ne turakun da ke tare zamewar. Da zan ba wannan hali suna da Hausa, da na ce tsimuwar ƙarfe, domin abu ne da ƙarfinsa ke zuwa da daɗewa, kamar tsimi.

Raunin wannan gami shi ne zafi. Da zarar ya daɗe a wurin da ya haura digiri 200, ƙananan gudajin sai su riƙa haɗiye juna, su zama manya 'yan kaɗan, turaku su yi nisa da juna, ƙarfi ya zube. Ga shi kuma yana yawan tsagewa a lokacin da yake daskarewa.

A nan sikandiyam ya shigo. Shi ne sinadari na 21 a jadawalin sinadarai. Lars Fredrik Nilson ya gano shi a Uppsala ta ƙasar Suwidin a 1879, ya raɗa masa sunan yankin Sikandinabiya, shekaru kaɗan bayan Mendeleev ya bar masa gurbi a jadawalinsa, ya kuma siffanta shi tun ba a gan shi ba. A 1971 aka yi rajistar haƙƙin mallakar gaminsa da alminiyam a Amurka, amma Tarayyar Sobiyet ce ta fi cin moriyarsa a jiragen yaƙi irin su MiG-29. Abin da yake yi uku ne, kuma ba girmansu ɗaya ba. Yana haɗuwa da alminiyam ya ba da gudajin Al3Sc, waɗanda tsarin zarrarsu ya yi kusan daidai da na alminiyam, don haka suna zama daram a cikinsa, ba sa saurin girma ko da an kai su digiri 300. Yana kuma ƙanƙanta tsabar ƙarfen, wato ƙananan dunƙulayen da ƙarfe ke kasancewa a cikinsu idan ya daskare, ƙanƙantar tsaba kuwa tana rage tsagewa. Na ukun shi ya fi ba ni sha'awa: a cikin gamin da ke da jan ƙarfe, zarrar sikandiyam tana taruwa a bakin iyakar gudajin Al2Cu, ta kewaye su kamar shinge, ta hana su haɗiye juna. Masu bincike a Jami'ar Xi'an Jiaotong ta ƙasar Sin suna cikin waɗanda suka nuna haka. Duk wannan aiki da abin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba ake yin sa.

Sai dai gyara yana iya komawa ɓarna. Alminiyam ba ya shanye sikandiyam fiye da wajen kashi 0.38 cikin ɗari, shi ma sai dab da narkewa. Idan jan ƙarfe ya yi yawa, aka kuma bar narkakken ya huce a hankali, ko aka daɗe ana gasa shi a wajen digiri 500, sai sikandiyam da jan ƙarfe su haɗa kai da alminiyam su haifar da wani gudaji mai kauri da masana ke kira da harafin W. Wannan gudaji yana cinye jan ƙarfen da ake so ya tsimu, ya cinye sikandiyam ɗin da aka saya da tsada, ya bar ƙarfen da rauni. An yi ba a yi ba ke nan, har da asara. Maganin da aka samo shi ne saurin daskarewa. Tun 1960 Pol Duwez na Caltech ya nuna cewa za a iya sanyaya ɗigon narkakken ƙarfe da saurin da ya kai wajen digiri miliyan a sakan guda. A yau ana fesa narkakken a kan wani faifan jan ƙarfe mai juyawa da gudu, sai ya fito kamar siririn zare mai faɗi, bai kai kaurin takarda ba. A irin wannan sauri zarra ba ta samun damar neman 'yar'uwarta. Sikandiyam da jan ƙarfe duk suna maƙalewa a cikin alminiyam fiye da ƙimar da zai riƙe a al'ada, tsabar ta fito ƙanana, gudajin W bai samu lokacin tasowa ba. Matar da ta soya man shanu ta san rabin wannan magana: wanda ya huce a hankali yakan yi tsaki-tsaki, wanda aka sanyaya da gaggawa yakan daskare sumul.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe daga duk wannan bayani abu biyu ne. Ɗan mitsitsin abin da ido ba ya gani yana iya sauya halin ƙarfe gaba ɗaya. Kuma ko gyara zai yi ko ɓarna, ya danganta da abokan zamansa a cikin gamin da yadda aka sanyaya shi.

To, mu dawo Kaduna. Ba na cikin masu cewa a nemo wa Panteka sikandiyam. Abin da duniya ke samarwa a shekara bai wuce 'yan gomiyoyin tan ba, kuma galibinsa ana tsamo shi ne daga ragowar aikin wasu ma'adanai. Kamfanin Rio Tinto, alal misali, yana tace shi a Sorel-Tracy ta Kanada daga sharar aikin titaniyam. A watan Afrilun 2025 ƙasar Sin ta sa shi cikin sinadarai bakwai da sai da lasisi ake fitar da su. Ƙasar da masana'antar narka alminiyam ɗinta, ALSCON ta Ikot Abasi, ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999, aka sayar wa RUSAL a 2007, ta shafe shekaru a hannun kotuna, ba ta kai matsayin mafarkin sikandiyam ba. Ko da ma an kawo shi, zubin yashi irin na masu tukwane yana hucewa ne a hankali, wato daidai yanayin da ke sa a yi asararsa.

Abin da Panteka ke da shi shi ne gami, kullum, ba tare da awo ba. 'Yan jari-bola suna kawo gwangwanayen lemo, fistin da kan inji, firam ɗin taga, tsohuwar waya, lagireto, tsofaffin tukwane. Mai zubi yana narka su a kan gawayi, ya kwashe dattin da ya taso, ya zuba a cikin yashin da ya danna a jikin samfurin tukunya. Sana'a ce mai daraja, kuma sabon abu ne a tarihinmu. Emily Osborn ta bibiyi yaɗuwar zubin tukwanen alminiyam a Afirka ta Yamma daga Senigal bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta nuna yadda masu sana'ar suka ɗauke ta gari zuwa gari. Sake narka tsohon alminiyam yana cin kusan kashi 5 cikin ɗari kacal na makamashin da ake buƙata wajen tace sabo, don haka mai zubi yana yi wa ƙasa aikin da ba ta biya shi ba. Amma kowane tarkace da gaminsa. Jikin gwangwani yana ɗauke da manganis da maganiziyam. Kayan inji suna ɗauke da silikon mai yawa da jan ƙarfe, jan ƙarfe kuwa yana rage wa alminiyam juriyar tsami da gishiri, shi ya sa wata tukunyar take yin rami-rami da wuri. Akwai kuma gamin alminiyam da jan ƙarfe mai lamba 2011, wanda ake yi don sauƙin yanka a inji, da gangan ake sa masa gubar nan da Turawa ke yi wa alama da Pb, tsakanin kashi 0.2 zuwa 0.6 cikin ɗari. A lura da adadin: kusan daidai yake da na sikandiyam. Ana kuma samun wannan gubar a jikin like-liken lagireto da na kayan lantarki. A 2014 Jeffrey Weidenhamer na Jami'ar Ashland da abokan aikinsa sun gwada tukwanen zubi na Kamaru, suka tarar gubar tana fitowa idan aka tafasa ruwa mai ɗan tsami a ciki. A 2017 suka faɗaɗa gwajin zuwa ƙasashe goma, suka sake samun ta a tukwane da dama. Mu kuwa girkinmu bai rabu da tsamiya da tumatir da yakuwa da kanwa ba.

Mai karatu zai lura na yi ta kewaye-kewaye ban kira gubar da sunanta na Hausa ba. Da gangan na yi. Sunanta dalma, ko darma a wasu kare-karen harshe. Lokacin da ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, gidajen rediyo gubar dalma suka ce, kuma daidai suka faɗa. Amma a kasuwa, ita tukunyar alminiyam ɗin ma tukunyar dalma ake ce mata. Kalma ɗaya tana ɗauke da ƙarfen da ake so da gubar da ake gudu. Ma'aikacin lafiya da zai ce wa mai zubi kada ya sa dalma a tukunya, me ya gaya masa? Ko dai mai zubin ya ɗauka ana yi wa sana'arsa zagon ƙasa, ko ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa. Uwar gida da ta ji sanarwar a rediyo, ko ta zubar da tukwanenta duka, ko ta share zancen duka. Ana jin sanholo da goran ruwa da alminiyam a bakin mutane, amma babu wadda aka tsayar aka yaɗa. Haka tagulla take: wani jan ƙarfe yake nufi, wani gamin jan ƙarfe da tutiya, mai labarin wasanni kuma lambar wanda ya zo na uku. A waƙa da karin magana wannan yalwar ma'ana ado ce. A bakin murhun zubi tana iya zama sanadin cutar da yaro.

Ba a ce magabata sun yi barci ba. Ƙamusun Bargery na 1934 rumbu ne na kalmomin sana'a. Philip Jaggar ya zauna da maƙeran Kano, littafinsa a kansu ya fito a 1994. Ɗalhatu Muhammad ya tace ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi a 1990, wanda da shi muke koyar da nahawu da adabi cikin Hausa ba tare da jin kunya ba. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Sai dai idan aka dubi yadda muke nazarin ƙira a sassanmu, za a ga mun ajiye ta a ɗakin al'ada: uwar maƙera, zuga-zugi, masaɓa, awartaki, Sarkin Maƙera, wasan wuta, rabuwar maƙeran baƙi da na fari. Duk wannan ilimi ne mai kyau, amma ilimin abin da ya shuɗe ne ko yake shuɗewa. Mai zubin tukunya bai shiga wannan ɗaki ba don sana'arsa ba ta tsufa ba, bai kuma shiga ɗakin injiniya ba don ba ta da takarda. Ya faɗa tsakiya, alhali shi ne mai narka ƙarfe da harshen Hausa a yau. (Wani abin lura: jiragen sama marasa matuƙi da Rundunar Sojan Sama ta ƙaddamar a Kaduna, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, sunayen Hausa aka ba su. Harshen ya isa raɗa wa jirgi suna, amma ba a nemi ya bayyana ƙarfen da ake ƙera jirage da shi ba.)

Na san abin da za a ce. Za a ce kimiyyar ƙarafa da Turanci ake koyon ta a Zariya da Jos, alamominta na duniya ne, kuma kalmomin da kwamiti ya ƙirƙira a ɗakin taro yawanci a can suke mutuwa. Kashi na ƙarshe na wannan magana gaskiya ne, kuma shi ne ma hujjata. Kalmar da aka ƙaga daga sama ba ta kama ƙasa. Shi ya sa nake ganin aikin ya fara daga bakin masu zubi. Mutumin da ya shekara ashirin yana narka tarkace yana rarrabe wanda zai gudana ya cika yashi da wanda zai yi kumfa, wanda zai tsage da wanda zai yi ƙara mai kyau in an ƙwanƙwasa. Ba ya wannan rarrabewa a cikin shiru. Yana faɗa wa yaronsa, yana ciniki da ɗan jari-bola a kai, kuma da kalmomi yake yi. Wannan ne ɗanyen kayan da ya kamata mu tattara kafin mu ƙirƙiri komai. Tsimuwa da tsaba da gudaji da na yi amfani da su a sama shawarwari ne kawai, in an tarar da waɗanda suka fi su a Panteka, nawa su ba da wuri. Game da kashi na farko kuwa, ba wanda ya ce a fassara wa ɗalibin digiri na uku littattafansa. Shi yana da Turanci. Wanda ke riƙe da ludayin narkakken ƙarfe ne ba shi da shi, kuma a hannunsa ake yanke abin da zai shiga tukunya.

Akwai wata fargaba da ta fi wannan nauyi, ita ce kada maganar guba ta karya kasuwar talaka ta buɗe wa kayan waje ƙofa. Fargaba ce mai tushe. Amma a ganina rashin kalma ne zai jawo hakan. Muddin dalma ɗaya ce a kunnen jama'a, duk ranar da labarin ya fashe, tukunya mai kyau da maras kyau tare za su faɗi. In an raba sunayen, mai zubi zai iya cewa tukunyata alminiyam ce, babu dalma a cikinta, kuma a gane abin da yake nufi. Akwai na'urar hannu mai amfani da hasken eksire da ke nuna sinadaran da ke cikin ƙarfe cikin 'yan sakanni, don haka tabbatar da maganarsa ba abu ne mai wuya ba.

Kayan aikin duk suna kusa da juna, a arewacin kogin nan. Jami'ar Jihar Kaduna da sashenta na harsunan Nijeriya tana kan titin Tafawa Ɓalewa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna maƙwabciyar tsohuwar Panteka ce, kuma tun zamanin shugabancin Farfesa Idris Bugaje ta ƙulla alaƙa da masu sana'ar kasuwar don horarwa da ba da shaidar ƙwarewa. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda ya koma shugabanta a 2021, a Kaduna hedikwatarta take a lokacin. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda ya daɗe yana koya wa Arewa sababbin kalmomi, yana nan a tsakiyar gari. Abin da ya rage shi ne ɗalibin Hausa da ɗalibin injiniyan ƙarafa su tafi tare, ɗaya da na'urar naɗar murya, ɗaya da na'urar awo. Duk tarkacen da mai zubi ya ɗaga ya kira sunansa, a rubuta sunan da yadda ya siffanta halinsa a wuta, a auna abin da ke cikinsa, a ajiye biyun a layi ɗaya. Kundin digiri na biyu guda ɗaya zai iya ɗaukar wannan, in sassan biyu suka yarda su duba shi tare, abin da tsarin jami'o'inmu bai saba da shi ba amma bai haramta ba.

Daga irin wannan kundi ne za a san ko masu zubi da kansu suna da kalmar da suke raba dalma mai nauyi da ita daga ƙarfen tukunya mai sauƙi. In suna da ita, ita za a ɗauka a miƙa wa gidajen rediyo da ma'aikatan lafiya da masu sabunta ƙamus. In babu, sai a bar wa gubar sunan dalma, tunda da shi Zamfara ta san ta, a zaɓi ɗaya tsakanin sanholo da alminiyam a tsayar wa tukunya, a fara da allunan rumfunan Panteka.